Gayyar Taron Wasannin Matasa a Garwa Tana Neman Ƙarin Hannu

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ara mini fili in yi magana a kan wani ɗan ƙaramin taro da matasan unguwarmu suka shirya a nan Garwa lokacin hutun makaranta na ƙarshen watan Disamba. Taro ne na wasanni, na bidiyo da na waya da dara da ludo, kuma ina cikin waɗanda suka yi masa aikin sa kai tun daga neman izini har zuwa mayar da kujerun aro. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganganun da suka biyo baya, a majalisa da ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa, inda waɗansu dattawa da nake jin nauyinsu ƙwarai suka ce mun tara 'ya'yan mutane mun ɗaure wa shashanci gindi. Ban ji haushinsu ba, domin ni kaina a kan wannan ra'ayi nake kafin in sa ƙafa a cikin lamarin, amma tun da na gani da idona, ya zama wajibi a kaina in faɗi abin da na gani.

Sana'ata gyaran talabijin da haɗa wayoyin wuta, kuma na haura shekara 20 ina yin ta. Ɗan ƙanwata ne ya same ni a shago wata ranar Asabar, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, “Kawu, muna so ka taimake mu da haɗa wuta, domin muna tsoron kada mu ƙona kayan mutane.” Da ya yi mini bayanin abin da suke shiryawa sai na ce masa ya tashi ya ba ni wuri, ni ba zan bar aikin da nake ci da iyali in je in tsaya a kan yara suna danne-danne ba. Bayan kwana biyu mahaifiyarsa ta roƙe ni in nemo mata shi da magariba, aka kwatanta mini wani ɗakin wasa a bayan tashar mota. Ɗaki ne ƙarami mara taga, yara a cunkushe kamar an jera kifi a kwando, wasu ba su kai shekara 12 ba, hayaƙin taba ya turnuƙe wurin, ana kiran salla a waje babu wanda ya motsa, kuma a kan benci na ga kuɗi a ajiye waɗanda wanda ya ci wasan zai kwashe. Babu babba ko ɗaya in ban da mai karɓar kuɗi. A hanyarmu ta komawa gida yaron ya ce mini, “Kawu, abin da muke so mu fitar da ƙannenmu daga ciki ke nan.” Washegari na ɗauki jakar kayan aikina na bi shi.

Ya kamata mu iyaye mu yarda cewa wasan nan ya riga ya shigo gari, kuma ba jiya ya shigo ba. Na'urar PlayStation 2 ta fito a shekarar 2000, kuma da yawa daga cikin magidantan da ke faɗa a yau sun buga ƙwallo a kanta suna samari. Abin da ya canza shi ne, a da sai yaro ya taka da ƙafarsa ya je ɗakin wasa, ana ganin shigarsa da fitarsa, amma tun da wasan waya na Free Fire ya fito a 2017, PUBG na waya ya biyo baya a 2018, wasan ya koma aljihu, yana bin yaro har kan shimfiɗarsa bayan an kashe fitila. A gidajen da na sani, hani kaɗai bai kawar da shi ba, sai dai ya koya wa yara ɓoyewa. Zaɓin da ya rage a hannunmu shi ne ko a yi shi a gaban babba, da lokaci da ƙa'ida, ko a bar shi a irin ɗakin da na kwatanta.

Shirin ya ci mu kusan wata biyu, kuma mu bakwai ne muka ɗauki nauyinsa. Mun fara da jauron unguwa, wato mai unguwa, wanda ya saurare mu ya yi tambayoyi masu yawa kafin ya sa albarka, sannan muka kai takardar sanarwa ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, kamar yadda dokar taron jama'a ta tanada. Wani mai makaranta ya ba mu aron babban ɗakin taronsa kyauta, bisa sharaɗin mu bar masa shi yadda muka same shi. Talabijin huɗu da na'urori huɗu duk daga gidajen mutane muka aro, kuma kowanne sai da muka rubuta lambar jikinsa a littafi mai shi ya sa hannu, domin amana ce. Ni aikina wuta. Na'ura ɗaya da talabijin ɗinta ba sa jan fiye da wat 300, saboda haka ba nauyin ne abin tsoro ba, abin tsoro shi ne hawa da saukar wuta, musamman dawowarta da ƙarfi bayan an ɗauke, wadda ita ce ke ƙona cikin na'ura. Na raba layi biyu, na sa wa kowace na'ura sitabilaiza, na rufe wayoyin da suka bi ƙasa don kada yaro ya yi tuntuɓe, na kuma kafa babban makunni guda a kusa da ƙofa. Mun yi hayar janareta, man fetur na zuwa-zuwa da muka saya a bakin titi kuwa sai da muka tace shi da ƙyalle kafin mu zuba. Ƙurar hunturu ma ta ba mu aiki, domin tana toshe fankar na'ura har ta yi zafi ta mutu, don haka kowane dare sai mun goge mun lulluɓe. Cikin mu bakwai ɗin nan, babu wanda ya sami sukunin riƙe abin dannawar da yara ke kira manet har aka tashi.

Mun tsayar da masu gasar ƙwallo a kan mutum 64. Har yau FIFA yara suke kiran wasan, ko da yake an sauya masa suna zuwa EA Sports FC tun 2023. Wata ɗaliba daga Jami'ar Ngaundere da ta zo hutu ita ce ta zauna ta yi mana lissafi, ta nuna mana cewa in ana fitar da duk wanda aka ci, mutum 64 na buƙatar wasa 63 kafin a sami zakara, kuma in kowane wasa ya ci minti 15 a kan talabijin huɗu, to sama da awa huɗu ke nan ko da ba a huta ba, ba a yi gardama ba, ba a ɗauke wuta ba. Lissafinta ne ya sa muka raba taron kwana biyu. Ita ce kuma ta riƙe allo tana rubuta sunaye da alli, wani saurayi Kirista daga unguwar Yelwa yana kiran sunayen da ƙarfi yana maimaita kowace sanarwa da Fillanci da Hausa da Faransanci, domin a Garwa duk wanda ya yi taro da harshe ɗaya ya bar wasu a waje.

Maganar da ta fi ba mu wuya ita ce ta kuɗi, kuma ina so in tsaya a kanta, domin a nan ne zargin dattawa yake da tushe. Da farko samarin sun tsara cewa kowane mai gasa zai biya kuɗin shiga, a tara a ba wanda ya zo na ɗaya da na biyu, kamar yadda suka saba gani a wasu wurare. Hankalina bai kwanta ba, sai muka tafi mu uku wurin wani malami da muke ɗaukar karatu a zaurensa. Ya karanta mana aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, inda aka ambaci caca tare da giya a matsayin ƙazanta daga aikin Shaiɗan, ya kuma yi mana bayani cewa idan masu gasa suka tara kuɗi daga aljihunsu wanda ya ci ya kwashe, to caca ce ko da an sauya mata suna, amma idan wani na gefe ne ya ba da kyauta don ƙarfafa gwiwa, wannan lamari ne daban. A ranar muka soke kuɗin shiga gasa. Sokewar ta bar mu da giɓi, domin ga hayar janareta, ga mai, ga ruwan sha, ga kyaututtuka, kuma babu ko sisi a hannu. Ana cikin haka sai wakilin wani shagon cacar ƙwallo ya aiko mana cewa zai ɗauki nauyin komai, har da riguna ga masu aikin sa kai, in dai za mu rataya tutarsa a bango mu kuma bar shi ya riƙa tura tallarsa a zaurenmu na WhatsApp. Ba zan ɓoye ba, kanmu ya rabu. Uku daga cikinmu suka ce mu karɓa, tun da ba mu ne za mu buga cacar ba, kuma in ba a karɓa ba taron zai rushe. Muka kai har bayan isha'i muna ja-in-ja a ƙofar shagona, murya ta ɗaga, ɗaya ya yi fushi ya hau babur ɗinsa ya tafi. Abin da na tsaya a kai shi ne ba za mu fitar da yaro daga cacar kan benci mu miƙa shi da hannunmu ga cacar cikin waya ba, wadda ta fi ta farko zurfi domin ba ta da lokacin rufewa. A ƙarshe muka mayar wa mutumin da amsa cikin ladabi cewa mun gode. Wanda ya yi fushin ya dawo bayan kwana uku, kuma shi ne ya ɗauki littafi ya bi rumfunan babbar kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ba da sefa 500, wani 1,000, wani mai shagon littattafai ya ba da jakunkunan makaranta biyu, wani tela ya sayo rigar Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa, ya ce a ba zakara, wata baiwar Allah ta kawo mana jarka biyu ta zoɓo, wanda a nan muke kira folere. Duk abin da ya shigo da abin da ya fita mun rubuta a takarda mun manna a ƙofa, mun kuma ɗauki hotonta mun tura a zaure don kowa ya gani.

Ƙa'idojin taron ma a bakin ƙofa muka rubuta su tun kafin a buɗe. Da an kira salla ana tsayar da kowane wasa, a kashe talabijin, Musulmi su tafi masallacin da ke tsallaken titi, sauran su fita su sha iska. Makunnin yana hannuna, kuma ban taɓa jinkirta shi ba ko da wasa ya kai inda ya kai. An tashi kafin magariba a duk kwanakin biyu. A rana ta biyu, ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe, ɗaya yana gaba da ci biyu, sai aka ɗauke wuta, ɗakin ya kaure da ihu, magoya bayan wanda ake ci suna cewa a sake daga farko. Abin da ya kashe wutar rigimar shi ne layi ɗaya da ke jikin allo tun ranar farko, wanda ya ce in wuta ta katse wasa za a buga mintunan da suka rage ne kawai, kowa da ƙwallayensa. Ɗalibar nan ta nuna layin da yatsa, aka tayar da janareta, aka ƙarasa, wanda aka ci ya miƙa wa abokinsa hannu.

A harabar makarantar muka haƙa gidajen dara a cikin yashi, gida 30, layi biyar a kan shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ɗaya da tsinkaye ɗaya da tsakuwa. Mun yi haka ne da tunanin masu jiran layi su sami abin yi, ba mu zaci zai zama wurin da ya fi cika ba. Wani dattijo ya zo da sandarsa don ya tafi da jikansa, ya kuma faɗa mana magana mai zafi a bakin ƙofa, amma da ya ga yara suna jera 'ya'ya ba bisa ƙa'ida ba sai ya tsuguna ya nuna musu cewa ba a jera uku lokacin zubi, kuma jeren huɗu ba ya ci. Bai tashi ba sai la'asar, kuma babu yaron da ya iya cin sa ko sau ɗaya, har da wanda ya zama zakaran ƙwallo. Da zai tafi ya ce mini, “Malam, ni har yanzu ba na son na talabijin ɗin nan, amma in za ku sake yin dara ku aika a kira ni.” Na ce, “To, Baba, in Allah ya yarda.”

Taron kwana biyu ne, amma zauren WhatsApp da ya haife shi yana nan kullum, kuma a can ne mafi yawan aikin yake, aikin da babu mai gani balle ya yaba. Zauren ya fara ne da 'yan unguwa, yanzu akwai 'yan Pitowa da Gidar da Marwa da Kuseri, akwai na Njamena, akwai na Yola a tsallaken iyaka. A cikinsa ake shirya wasannin sada zumunta, a nan ake tambayar yadda za a gyara manet da ta daina aiki, a nan aka samar wa samari huɗu masauki da suka yi tafiyar kimanin kilomita 200 daga Marwa, kuma da mahaifin wani yaro ya rasu a nan aka sanar, waɗanda ke kusa suka je ta'aziyya. WhatsApp yana ba zaure ɗaya damar ɗaukar mutum har 1,024, kuma akwai masu ganin cika shi shi ne ci gaba. Mu mun koyi akasin haka da tsada. Lokacin da ƙofar shiga take a buɗe ga duk mai adireshin zauren, wani da babu wanda ya san shi ya shigo yana tallar lu'ulu'un da ake saya a cikin Free Fire a kan rabin kuɗi. Wani yaro ya ɗauki wayar mahaifiyarsa ya tura masa sefa 15,000 daga asusunta, kuɗin da take juyawa a sana'ar ƙosai, mutumin ya ɓace. Matar ta zo shagona tana kuka, kuma ko da yake mun haɗa mata abin da ya sawwaƙa, ban manta da fuskarta ba. Wani kuma ya riƙa bin yara ta bayan fage yana cewa su turo masa lambobi shida da suka shigo wayarsu ta saƙo, waɗanda da su ne ake ƙwace wa mutum asusunsa na WhatsApp a riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Tun daga nan muka sauya tsari. Babu mai shiga sai masu kula da zaure sun amince, kuma sai mutum biyu da muka sani sun tsaya masa. Mun koya wa kowa yadda zai sa wa asusunsa lambar sirri ta biyu, kuma duk mako ana maimaita gargaɗin cewa lambobi shidan nan ba a ba kowa, ko da ya ce shi ne shugaban zaure. Ƙarfe 10 na dare ake rufe zauren ta yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu, sai da safe a buɗe. Idan jarabawar sakandare ta BEPC da Probatoire da Baccalauréat ta gabato, maganar wasa tana tsayawa, sai tsofaffin takardun jarabawa da tambayoyin lissafi. An hana tallar caca, an hana zagin ƙabila ko addini, an hana namiji ɗaukar lambar mace daga zaure ya bi ta da saƙo. Rubuta waɗannan abu ne mai sauƙi, tsayawa a kansu ne ke da wuya. Na taɓa dakatar da ɗan maƙwabcina wata guda saboda ya dami wata yarinya da saƙonni bayan an yi masa gargaɗi sau biyu, kuma ban yarda mahaifinsa ya ji a bakin wani ba, na je da kaina na zauna a zaurensa na yi masa bayani. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce na kyauta da na zo. Irin wannan zuwan shi ne abin da samari 'yan shekara 20 ba za su iya yi ba, komai kyawun niyyarsu, domin a al'adarmu yaro ba ya zuwa ya kai wa dattijo ƙarar ɗansa.

Ba na cikin masu cewa wasan ba shi da illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, kuma alamomin da ta bayyana su ne mutum ya kasa riƙe kansa daga wasan, ya fifita shi a kan sauran lamurran rayuwarsa, ya ci gaba da yi duk da yana ganin ɓarnar da yake jawo masa, kuma hakan ya ɗore kimanin wata 12. Hukumar ta kuma nuna cewa kaɗan ne daga cikin masu wasan ke kaiwa wannan hali. Mu ba likitoci ba ne, amma mai kula da zaure yana ganin abin da uba ba ya gani. Akwai yaron da muka lura kullum yana kan layi har ƙarfe uku na dare a tsakiyar zangon karatu, muka yi masa magana a keɓe, da abin bai sauya ba muka sanar da yayansa. Da a ce babu zauren, ko kuma akwai shi amma babu mai kula, da babu wanda zai lura har sai sakamakon jarabawa ya fito.

Ba zan kuma yaudari iyaye da cewa 'ya'yansu za su yi arziki da buga wasa ba. Gaskiya ne a Yawunde akwai kamfanin Kiro'o Games, wanda Olivier Madiba ya kafa, kuma a 2016 ya fitar da wasan Aurion da aka ƙirƙira a ƙasar nan aka sayar a duniya. Wannan ya isa ya nuna cewa ɗan Kamaru yana iya zama mai ƙerawa, ba mai saye kaɗai ba, amma hanya ce mai tsawo wadda sai da karatu mai zurfi. Amfanin da na gani da idona ya fi wannan kusa, kuma ba a wurin masu riƙe manet na gan shi ba, a wurin masu hidima na gan shi. Yaron da ya bi kasuwa da littafi ya koyi yadda ake roƙon jama'a da mutunci da yadda ake ba da bayanin kowane sefa. Wanda ya yi sanarwa ya koyi tsayawa a gaban taro. Biyu daga cikin waɗanda suka riƙe mini tsani yanzu suna zuwa shagona duk Asabar, kuma ɗaya ya riga ya iya gano layin da ya yanke da mita.

Abin da ke ba ni ciwo shi ne tambayar da ake yawan yi mana, wai nawa aka biya mu, kuma idan muka ce ko sisi sai a kalle mu kamar marasa aikin yi. Mu da muka tashi muka ga gayya, inda ake kiran samari su nome gonar wanda ya gaza ko su ɗora jinkar ɗaki, ladansu fura da godiya, bai kamata aikin da ba a biya ya zama baƙo a wurinmu ba. Muna ganin 'yan agaji suna tsayuwa cikin rana a wurin wa'azi da filin idi, babu mai tambayarsu albashi. A watan Janairun 2022, lokacin da filin wasa na Rumde Ajiya ya karɓi wasannin Kofin Afirka har Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a nan garin, matasan Garwa sun yi hidimar baƙi a matsayin 'yan sa kai, kowa yana alfahari da su. Tsare yaran unguwa daga caca da 'yan damfara bai gaza wancan daraja ba. Sai dai akwai iyaka da nake so matasa su kiyaye, wato duk taron da wani ke cin riba a bayansa yana kiran aikin wasu sa kai, wannan ba gayya ba ce, kuma shi ya sa muka nace a kan manna lissafi a ƙofa.

Gaskiyar halin da muke ciki shi ne mun gaji. Mutum bakwai ɗin da suka ɗauki kujeru su ne dai ke duba zaure da dare, ɗalibar nan ta koma Ngaundere, ɗaya daga cikin samarin ya sami aiki a Duwala, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da niyyar yin wani ɗan zama na yini ɗaya a makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu idan hukuma ta amince, amma ba za mu iya da yawanmu na yanzu ba. Muna buƙatar iyaye mata ko da biyu su zauna a wurin, domin 'yan mata kaɗan ne suka zo a karon farko, kuma da yawa sun ce an hana su ne saboda babu babbar mace a ciki, hujjar da ni ma na yarda da ita. Muna buƙatar magidanta uku ko huɗu su shiga cikin masu kula da zaure, ba sai sun iya wasa ba, abin da ake so shi ne a san da idon babba a wurin. Malaman da suka yi mana faɗa, muna roƙon ɗaya daga cikinsu ya zo ya yi wa yara nasiha ta minti goma bayan azahar, ya kuma duba tsarinmu ya nuna mana inda muka karkace. Mai janareta da zai ba da aro zai sauke mana mafi nauyin kuɗin da muke kashewa, dattawan da suka iya dara kuwa ga yashi nan yana jiransu.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon idan jaridarka tana da wakili a Garwa ko Marwa ka turo shi ranar, ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta ƙa'idojin da lissafin kuɗin, ya tambayi iyayen da suka zo da waɗanda suka ƙi zuwa, ya rubuta abin da ya samu ko da bai yi mana daɗi ba. Duk mai son ba da hannu yana iya bi ta wurin jauron unguwarmu, shi ya san inda zai same mu.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani mai gyaran talabijin,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.